Sai a Bayan Iyakar Harami

Teksas, Amurka
Janairu

Goggo Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Kaka Ɗanjuma, da fatan jikin nasa da sauƙi. Ni lafiya lau, sai sanyi, sai kuma kafaɗata ta dama da ta taɓa gocewa, wadda ke tuna mini da kanta kullum da safe.

Na san za ki yi dariyar wannan "Goggo", tunda ba ki girme ni da wani abin kirki ba, kuma ba mu taɓa haɗuwa ba sai a hoto. Amma kakana da babanki uwa ɗaya uba ɗaya suke, ba ni na tsara ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Tsohuwar da nake kula wa da gona ta yarda in yi kiwon tumakina tare da nata, ina so in samar wa Musulmin garin nan ragunan layya. Yanzu tumakin suna haihuwa, sai wata dabba da ake kira koyoti ta sa mu a gaba. Dila ne, sai dai ya fi namu girma da rashin kunya. Zomaye kuma sun cinye lambun tsohuwar. Na riga na samu takardar izinin farauta, saura bindiga. Ina son marar nauyi, domin yini nake ina zagaya shinge a ƙafa cikin duwatsu, kuma ina son guda ɗaya da za ta yi mini zomo ta yi mini dila.

Mai shago ya nuna mini harsashi iri uku. Akwai .22, ƙarami, ba ya ɓata naman zomo. Akwai .17, siriri mai gudun tsiya. Akwai .223, wanda ke kayar da dila daga nesa, amma zomo kam sai dai a tsinci gashinsa.

Za ki ce me ya hana ni bin shawarar mai shagon. Gidanmu gidan Sarkin Baka ne, Goggo. Ba a taɓa yin namiji a cikinsa da ya zaɓar wa kansa makamin farko ba. Babban maharbin gida ke zaɓa, ya sa albarka, kuma shi ake fara kai wa labarin harbin farko. Babana ya rasu, baffannina sun rasu. Kaka kaɗai ya rage, kuma shi ya san bindigar Turawa tun yana gadin daji a Falgore. Don Allah ki karanta masa.

Ɗanki,
Mudassir


Zahir, Makka
Rajab

Ɗana Mudassir,

Wa alaikumus salam. Tunda ka ɗora mini goggontaka na karɓa, kuma zan riƙa mora. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Jikin Baba yana nan yadda yake.

Na karanta masa wasiƙarka bayan la'asar, yana zaune bakin taga yana watsa wa tattabaru gero. Wajen gaisuwa ya yi murmushi. Wajen kafaɗa ya ce duk 'yan ɗakin yayansa haka kuke, ƙashi kamar kara. Da na zo kan dila sai hannunsa ya tsaya cak a cikin kwanon. Ban kai ga lambobin harsashi ba ya ce, "Halas, ya isa." Ya tashi ya shiga ɗaki. Da safe ya ce kada in sake karanta masa ita a gidan nan.

Akwai bayani, amma yana da tsawo, kuma yanzu ana jirana a makaranta, inda aji guda na 'yan mata ke ɗokin su ƙi fahimtar lissafi. Kada ka sayi komai. Zan rubuto.

Goggonka,
Mas'uda


Teksas
Fabrairu

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni ma lafiya.

Kin ce za ki rubuto. Wata ya mutu, wani ya tsaya, shiru. Na sake karanta wasiƙarki har na haddace ta, kuma na gane abin da kike jin nauyin faɗa mini. Kaka bai ɗauke ni ɗan gida ba. Gaskiyarsa ce. Ban taɓa kwana a daji ba, ban taɓa ja baka ba, boko na yi, na ƙare a ƙasar da ake sayar da bindiga a shago ɗaya da takalmi. Me zai sa wa albarka?

Shekaranjiya na tarar da wani ɗan rago a bakin shinge, rabinsa babu. Uwar ta yini a wurin tana kira. Ba shi ne na farko ba, kuma tsohuwar ta fara kallona irin kallon da ake yi wa mai gadin da ya yi barci.

Ki gaya wa Kaka na sauke masa nauyi, ba na riƙe da shi a zuciya. Ranar Asabar zan shiga gari in sayi wadda mai shago ya ce.

Mudassir


Zahir, Makka
Sha'aban

Mudassir,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu da sauƙi yanzu. Ka zauna, ka ajiye makullin motar nan. Ka yi wa wasiƙata tafsiri mai ban tausayi, sai dai babu ko ɗaya a ciki da ya faru.

Shirun da ka ji na asibiti ne. Kwana kaɗan bayan na rubuto maka Baba ya yanke jiki ya faɗi a matakalar masallacin unguwa. Wata 'yar ƙofa ce a zuciyarsa ba ta rufuwa daidai, mun daɗe da sani. Likitan da ya karɓi aikin tiyatar a Jidda yake, ya ba mu rana kafin azumi, ya kuma gaya mini a fili cewa idan aka wuce ta ba ya alƙawarin wata. Baba ya ce ba za shi ba.

Ba tsoron wuƙa yake ba. Jidda tana bayan iyakar Harami, wato ƙasa mai alfarma da ta kewaye Makka, shi ke nan laifinta. Tun rasuwar Inna Yalwa, mahaifiyata, bai sake tsallake iyakar nan ba. Ya ce ya baro garinsu da daji da duk abin da ya iya domin ya mutu a cikin Harami, ba zai yi wannan doguwar jira ba sannan a zo ɗaukar ransa a same shi ya fita unguwa. Na kawo masa hoton zuciyarsa, na zana masa a takarda, na yi masa lissafin da ko ɗalibaina za su gane. Ya yaba kyan rubutuna.

Yanzu ga naka laifin. Ka san ba a farauta a cikin Harami, ba a korar dabbar dawa, ba a nuna wa maharbi inda take. Mutane suna kiyayewa daidai gwargwado. Baba kuwa ya ɗauki abin kamar shi kaɗai aka saukar wa. Mutumin da aka ce yana harbin gada tana cikin gudu, yau idan fara ta sauka a hanyar masallaci sai ya tsaya ta gama shawara. Kyanwoyin Zahir sun san tafiyarsa. Tun ina yarinya ban taɓa jin labarin daji daga bakinsa ba, sai daga baƙin da ke zuwa aikin Hajji su durƙusa a gabansa suna "Sarkin Baka", shi kuma yana tambayarsu ko sun sha shayi.

Na kai ƙararsa wurin Shehu Hamad, limaminmu. Shehu ya zo har gida ya ce masa shawarar bindigar da za a harba a Amurka ba ta shiga cikin hanin ba ko kusa. Baba ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Allah ya ƙara ilimi, ya Shehu. Amma kai ba ka taɓa farauta ba. Ni idan na buɗe baki a kan dila, wallahi na riga na kwanta masa a bayan dutse. Jikina ne kawai a nan." Shehu ya shanye shayinsa ya tafi, kuma ina jin a hanya ya ɗan yi kishi.

Ka gane yanzu? Bai ƙi ka ba. Amsarka tana cikin bakinsa, tana ƙona shi, kuma ba zai iya furta ta ba sai a bayan iyaka. Daga gidanmu zuwa Tan'im, inda iyakar take, ba a gama shan kofin shayi a mota. Ni 'yarsa na roƙe shi ya tsallaka don ransa, ya ƙi. Ina so in ga ko zai tsallaka don dila.

Saboda haka kada ka sauke masa nauyin komai. Ƙara masa za ka yi. Ka aiko da nisan da dabbar ke tsayawa, da yanayin iska, da nauyin bindigogin, da hoton duk abin da ka gani a ƙasa. Kuma ka daina yi masa ladabi kamar surukinka. Jikansa ne kai, ka tsokane shi.

Na san 'yan ragunanka ne ke biyan wannan jinkirin. Ban manta ba, kuma ban ji daɗi ba. Ina roƙonka duk da haka.

Goggonka,
Mas'uda


Teksas
Fabrairu

Goggo,

Assalamu alaikum. Allah ya ba Kaka lafiya, ya yafe mini zargin da na yi. Ban shiga gari ba. Na kwashe masu jego na kai su rumfar bayan gida, ina kwana kusa da su. Rumfar ba ta ɗauke su duka, amma za mu lallaɓa.

Dilan ba ya matsowa. Yana tsayawa kamar daga ƙofar gidanmu na Ririwai zuwa tsohuwar rijiya, wajen mita ɗari biyu, ya zuba mini ido. Iska kullum tana kaɗawa daga gefe, mai ƙarfi. Bindigogin: akwai ta roba, kilo biyu da rabi, akwai ta tsakiya, kilo uku da ɗan kai, akwai ta katako mai kusan huɗu. Ga hoton sawun da na samu a laka bakin kwalbati.

Wannan kuma na tsohon ne. Kaka, ashe abin da ake faɗa a gida ƙari ne? An ce kana gane dabba da sawu, ni kuwa na ji yanzu tattabaru ne ke ba ka umarni. Idan ka manta, ka faɗa, ba abin kunya ba ne ga mai shekarunka. Sai in tambayi Bature mai shago ya zama Sarkin Bakanmu.

Jikanka da ya fi ka kyau,
Mudassir


Zahir, Makka
Ƙarshen Sha'aban

Ɗana Mudassir,

Wa alaikumus salam. Muna gaishe ka, muna yi maka sannu da kwanan rumfa. Zan yi sauri, za ka ga dalili.

An hana ni karatu, ba a hana ni mantuwa ba. Na wanke hoton sawun na manta shi a ƙarƙashin kwanon gero. Baba ya ɗaga kwano, ya gani, ya mayar da kwano. Ranar tattabaru sun ci abinci sau biyar. Washegari muna karin kumallo, ba wanda ya tambaye shi komai, sai ya ce, "Ba ɗaya ba ne, biyu ne. Na bayan yana taka..." Ya rufe bakinsa da tafin hannu kamar wanda ya yi rantsuwar ƙarya. Sannan ya ce, "Mas'uda, motarki tana da mai?"

Ya sa na ɗauko sandarsa, da igiya, da robobin ruwa manya da ƙanana. Ban tambaya ba. Na koyi cewa idan dabba ta fara fitowa ba a motsi.

Muka kama hanya. Da alamun iyaka suka bayyana ya kama hannun ƙofa da hannu biyu, leɓɓansa suna motsi. Na rage gudu har wata motar alhazai ta bayanmu ta gaya mini ra'ayinta game da mata masu tuƙi. Muka wuce. Ya waiwaya ya dubi alamun, ya dubi ƙirjinsa, kamar mai jiran a kira sunansa. Ba a kira ba. Na wuce masallacin da masu Umra ke ɗaura harami, na tsaya a wani fili gindin dutse inda babu kowa sai tarkacen gini.

"Maza, karanta," in ji shi. "Tun daga farko. Har da rashin kunyar."

Mudassir, ban san mutumin da ya fito daga motar nan ba. Bayansa ya miƙe. Hausarsa ma ta canza, babu ko kalmar Larabci ɗaya a ciki, wata Hausa ce mai ƙamshin hayaƙi da ban taɓa ji a gidanmu ba. Da na zo kan Bature mai shago ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ja'irin yaro. Mummuna kamar kakansa."

Na riga na kwana biyu ina nazarin harsasanka, abin da digirina bai taɓa tsammanin zai yi ba. Ya ce in bar masa lambobi, in nuna masa da hannu. A nisan rijiya, cikin iskar gefe, nawa kowanne ke kaucewa? Na buɗe hannuwana na nuna masa na .17, na nuna masa yadda .22 ke faɗuwa kafin ya isa, na nuna masa ɗan taƙin da .223 ke yi. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe lissafin nan naki yana da amfani." Shekara da shekaru ina jiran wannan jumla, ban zaci a gindin dutse zan same ta ba.

Ga amsarka, yadda ya faɗe ta.

Ka ɗauki .223. Ya ce ƙananan biyun za su raunata dila ne kawai a wannan nisan, ya tafi ya mutu a hankali cikin rami, kuma duk wanda ya bar dabba da rabin rai ba ɗan gidanku ba ne. Idan ba ka tabbata ba, kada ka taɓa kunamar bindiga.

Zomaye kuwa ka ƙyale su. Na ce, "Baba, lambun tsohuwar fa?" Ya ce, "A sa wa lambu waya. Zomo shi ne tuwon dila. Yaro yana so ya kwashe tuwo ya bar nama a gabansa, sannan ya yi mamaki." Ya ce bindiga ɗaya mai yin komai babu ita, mai neman ta rago ne. Kuma kada ka bi kowane dila da ka gani. Biyun nan da suka koyi cin rago su ne abokan shari'arka, sauran maƙwabta ne.

Saura nauyi. A nan sanda ta shigo. Na ɗaure mata robobin ruwa daidai nauyin kowace bindiga, shi kuma ya ɗora a kafaɗa ya saita wani farin dutse. Ka yi tunanin tsoho cikin farar jallabiya yana auna dutse da sandar da ke ɗauke da ruwan sha, da mace a gefe riƙe da igiya. Allah ya sa ba mu haɗu da kowa daga makarantarmu ba. Ta katako ya ce za ta cinye kafaɗarka kafin azahar. Ta roba ya ce ta cika sauƙi, za ta yi rawa da numfashinka bayan ka hau dutse. Ta tsakiya ya zaɓa.

Sai dai bai sauke sandar ba. Ya riƙe ta yana kallon bakinta, ni ma na kalla. Bakin sandar yana tsalle. Ya buga, ya buga, ya yi shiru, sannan ya buga biyu a jere.

"Tsufa ne, Baba," na ce.

"A'a. Rawar tsufa na san ta, ba ta tsayawa. Wannan zuciya ce." Ya ƙara kallo. "Na taɓa ɗora hannu a ƙirjin barewar da wani sakarai ya harba bai gama ba. Haka take yi."

Hotuna nawa na nuna masa, takardu nawa. Ashe jira yake a rubuta masa da rubutun da ya iya karantawa.

Ya sauke sandar ya zauna a kan wani bulo. Ya ce, "Yaron nan sai ya kawo mini labarin harbin farko. Haka ake yi. Idan babu wanda zai kai wa, albarkar ba ta cika ba." Ya gyara zama. "Kuma ban ga alamar zai yi sauri ba, da wannan kafaɗar."

Na sunkuya. Ina ta kwance igiya kamar ita ce damuwata a duniya.

"Idan ajalin ya zo a can Jidda," in ji shi, "ki dawo da ni a yi mini salla a Harami, a sa ni kusa da Yalwa. Ko da me za a yi."

Na ce na yi alƙawari. Na sha yi masa shi a gida, amma wannan ne karo na farko da ya ji.

Muna komawa mota ya tsaya da hannu a kan ƙofa, ya dube ni ta saman gilashinsa. "Hoton nan a ƙarƙashin kwano. Kin sa abinci, kin koma gefe, ba ki yi tari ba. Wa ya koya miki kwanto?" Na ce a jami'a ne. Ya ce, "Ƙarya kike, 'yar gidan Sarkin Baka."

Albarkarka ya sa ta a can kafin mu tsallako, da sunanka da na babanka. Ya ce ka saya, ka yi ta gwaji a kan gwangwani har sai kafaɗar ta daina gardama, kuma kada ka kuskura ka aiko masa da labarin ƙarya.

Gobe da safe za a shiga da shi tiyata. Yau za a kwantar da shi a Jidda. Ban san abin da zan rubuto maka nan gaba ba, kuma ka ga ban yi wasa da wannan layin ba. Ka yi mana addu'a a rumfarka.

Ya bar wa maƙwabciyarmu buhun gero da dogon bayani a kan halin kowace tattabara. Yanzu haka yana ƙasa, ya riga ni shiga mota, sandar tana kan cinyarsa, yana danna mini hon kamar ni ce na shekara ina ƙin tafiya. Na rufe tagarsa. Bari in ja ƙofa in sauka.

Goggonka,
Mas'uda